Abin da Bappa Ya Gani a Saman Bene

Bappa Ilu ya shekara ashirin da uku yana gadin gidan Injiniya Ɗanlami a Nassarawa GRA da ke Kano. Ni Ma'u kuwa shekarata goma sha ɗaya ina girki a gidan, don haka na san shi ciki da waje. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Ringim, dogo, siriri, ga wuya kamar na zalɓe. Ban taɓa ganin mai kaifin ido irinsa ba, daga bakin ƙofa zai karanta maka lambar motar da ke kwanar titi. Ban kuma taɓa ganin mai gadi matsoraci irinsa ba. Ɓarawo dai ba ya gabansa, ya taɓa bin biyu da gora har unguwar Giginyu. Amma bari mujiya ta yi kuka a kan darbejiya, sai ka ji ƙato yana ta jero addu'o'i murya na rawa.

Injiniya ya daɗe da ajiye aiki. Hajiya ta rasu, 'ya'ya sun watse, abin da ya rage masa shi ne madubin hangen taurari da ya kafa a saman bene, wani farin bututu a kan ƙafafu uku. Tauraro mai wutsiya shi ne abin haukansa. Yakan tsare ni da bayani ina riƙe da tire, wai dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, in ya matso kusa da rana sai wani gefensa ya fashe, haskensa ya ninka cikin kwana ɗaya. Kusan shekara ashirin yana jiran ya ga wannan fashewa da idonsa. Sau ɗaya ta faru yana wurin aiki a Fatakwal, hadari ya rufe sama sati guda.

Saura sati biyu azumi, ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya hana shi hawa bene, 'yarsa Nabiha kuma ta tafi da wayarsa Abuja don kada yawan kira ya tayar masa da hawan jini. Daidai lokacin ne wani tauraro mai wutsiya ya fara bayyana ta yamma bayan faɗuwar rana. Sai Injiniya ya kira Bappa.

"Ido gare ka, kai za ka zame min ido. Kullum bayan magariba ka hau, ka danna maɓallin da na koya maka, madubin zai juya da kansa. Ka duba tauraron, ka gwada shi da ƙaramin da ke gefensa. In ya sauya ko yaya, ka sauko da gudu."

Bappa ya ce to, amma a kicin ya zube a kan buhun shinkafa. A garinsu, in ji kakarsa, wannan tauraro ba ya fitowa banza, wani babba ya zo ɗauka, kuma ranar da ya ƙara haske ya gano gidan ke nan. Na ce masa, "Haba Bappa, da girmanka! Ba ka ji malam a tafsiri ya ce taurari ba ruwansu da ajalin kowa ba?" Ya ce ya ji, ya kuma yarda, gwiwoyinsa ne ba su ji ba.

Haka ya yi ta hawa. Ya kurɓi ruwa, ya yi salla, ya haye, ya dawo ya durƙusa gaban gado ya ce, "Yana nan yadda yake, ranka ya daɗe." Kuma gaskiya yake faɗa, har ranar Laraba, ashirin da huɗu ga azumi.

Ran nan ya shigo kicin ba sallama, leɓensa ya yi fari. Na miƙa masa kunun tsamiya, bai ko karɓa ba.

"Ma'u, ya buɗe ido."

"Wa?"

"Tauraron. Jiya kamar ɗan guntun auduga yake. Yau tsakiyarsa ta kama, ya danne na gefensa, yana kallona."

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na tuna a ranar ne Injiniya ya kasa haɗiye tuwo, ya ce kansa na sarawa. Wallahi ni ma tsoro ya kama ni.

To, mu ba a kai wa mara lafiya mugun labari. Ko ƙaninsa ne ya mutu sai a ce yana gaishe shi, ko ciwo ya ci ƙarfinsa sai a ce da sauƙi. Da wannan tarbiyya Bappa ya tashi, ni ma haka. Ya goge fuska, ya shiga, ya durƙusa, ya ce, "Yana nan yadda yake, ranka ya daɗe." Ni ma ban ƙaryata shi ba, na ajiye tire na fita.

Kwana uku yana maimaita wannan magana. Ya daina cin abin kirki. Kowace safiya sai ya leƙo tagar kicin ya ce, "Ya tashi?" In na ce ya tashi, sai ya jingina da bango ya yi hamdala, kamar shi ya tsare masa ran da bakinsa.

Ran Asabar Nabiha ta iso, ta ba mahaifinta wayar bayan la'asar don ya ɗan gaisa da mutane. Saƙonnin abokansa masu duban taurari suka yi ta shigowa, kowa na tambayarsa ko ya ga fashewar daga Kano. Ya ajiye wayar ya ce a kira Bappa.

"Ka gani?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"Ran Laraba." Hawaye na bin gemunsa. "Tsoro na ji kada ya tafi da kai."

Na zaci Injiniya zai yi faɗa. Bai yi ba. Da aka sha ruwa sai ya ce wa Bappa, "Goya ni."

Nabiha ta yi magiya, ta ambaci likita, bai ko kalle ta ba. Bappa ya goya shi, ya kama matakala, ina binsu da kujera. Ina ta tsoron kada su gangaro kaina su duka biyun. A kowane mataki sai ya yi salati, don shi a ransa gawa ya ɗauko tun ba ta mutu ba. A sama ya danna maɓalli, madubin ya juya, Bappa ya tallafe maigidansa ta baya, ya runtse nasa idon gam.

Injiniya ya kafa idonsa na dama. Hasken ya riga ya baje, ya koma dishi-dishi, tauraron kuma ya yi ƙasa yana shirin ɓuya bayan tankin ruwan maƙwabta. Bai fi minti ɗaya yana kallo ba ya ce, "Sauke ni."

Injiniya yana nan da ransa har yau, har ya fara takawa da sanda. Bai kori Bappa ba, ya ma ɗinka masa kayan salla kala biyu. Sai dai tun daga ranar, in Bappa ya shigo ya durƙusa ya ce an kulle ƙofa, Injiniya yakan juyo gare ni, a gabansa, ya ce, "Ma'u, je ki duba."