Buhun Sukarin da Habboba Ta Ƙi Taɓawa

A ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Sinnar, kakarmu Habboba gyaɗa take soyawa. Bayan magariba sai ta ɗora kasko cike da yashi a kan wuta, ta zuba gyaɗar da za a kai kasuwa da safe, mu kuma mu kewaye ta. A nan muke samun tatsuniya, da ƙonanniyar gyaɗar da ba za ta sayu ba.

Yayana Sale ne ya fara raina wannan zama. Yana sakandare a Wad Madani, duk hutu sai ya dawo da wasu littattafan yara na Larabci masu bin juna, na ɗaya, na biyu, abin ba ya ƙarewa. Jarumin Haske ne yake yaƙar Sarkin Duhu. Har yau idan na tuna su sai na ja tsaki. Jarumin fari tas, takobinsa ba ya dakushewa, rigarsa ba ta datti. Mugun kuwa ga ƙaho, ga jajayen idanu, ga dariyar ƙeta, don kada wani wawa ya ɓata hanya wajen gane shi. Sojojinsa a kashe dubu a shafi guda, babu wanda yake da uwa.

Habboba ta saurari Sale yana fassara mana, ta taɓe baki.

"Angona, wanga mugun naka sakarai na," in ji ta. "Mugu da ƙaho? Ai ko akuya ta gane shi. Khalas, ya isa, rufe littafin, ku ji tawa."

Tata ita ce ta garuruwa biyu da kogi ya raba. Wani baƙo ya sauka a garin gabas da farin rawani, yana ƙamshin sandal, sallamarsa kamar zuma. Ya ce akwai dodo a tsallake, yana shirin cinye su, su ba shi samarinsu da masu. Suka ba shi. Da asuba cikin hazo samarin suka haye, suka ga inuwa tana motsi, suka yi ta suka, inuwar ma tana sukarsu. Da rana ta fito sai ga gawarwakin samarin garin yamma, su ma baƙon ya je musu da labari iri ɗaya. Shi kuwa yana gindin tsamiya yana gasa awakin garuruwan biyu.

Muka ce, "To ina dodon?"

"Kun tambayi baƙon ina nashi ɗa? Ku tahi ku kwanta."

Sale ya yi dariya, ya ce tatsuniyar da ba jarumi ai ba tatsuniya ba ce.

A shekarun da yaƙi ya yi zafi a kudancin Damazin, wata mota mai lasifika ta shigo ƙauyenmu. Mutumin da ya fito farar jallabiya ce a jikinsa, gugarta kamar za ta yanka hannu. Ya tara samari a filin makaranta, ya ce mu ne haske, waɗancan su ne duhu. Wallahi maganarsa ba ta fi littattafan Sale zurfi ba, hotuna kawai ta rasa. Sale ya ɗaga hannu.

Habboba ta riƙe masa riga a ƙofar gida.

"Ya walad, kai yaro, mi mutanen can sunka yi maka? Ka san sunan ko guda?"

Ya sumbaci kanta, ya zare rigarsa, ya hau motar.

Bayan damina mutumin ya dawo da buhun sukari da garwar mai. Ya ce kada kowa ya yi kuka, Sale ango ne a Aljanna, a yi guɗa. Ya zo har da masu waƙa. Habboba ta dube shi daga rawani har takalmi.

"Malam, ina naka ɗa?"

Ya yi tari, ya ce yana karatu a ƙasar waje.

"Allah shi ba shi sa'a," in ji ta. Ta shige ɗaki, ta yi kukanta da ƙarfi yadda duk ƙauye zai ji.

Buhun nan ya zauna a zaure har tururuwa suka gama da shi. Daga ranar Habboba ba ta ƙara sa sukari a jabana, wato gahawarmu, ba, da ɗacinsa take shan kofinta har ta rasu. Tatsuniya ma ta daina. Gyaɗa kawai take juyawa.

Yanzu ina koyarwa a Sinnar, kuma ɗana mai sunan Sale ya kamu da irin littattafan nan. Bangonsu ya ƙara sheƙi, shirmen yana nan yadda na san shi. Ba na ƙwace masa, don na ga wanda aka riƙe wa riga ya zare. Na dai gane cewa Habboba ba ta taɓa musun akwai mugunta a duniya ba. Abin da ta raina shi ne labarin da yake sa yaro ya ɗauka ya riga ya san kamanninta.

Ran nan ɗan nawa ya zo da murna, ya ce Jarumi ya kashe sojoji dubu. Na ce ya duba mini ko an rubuta sunan ɗaya daga cikinsu. Ya yi ta buɗe shafuka, gaba da baya.

"Baba, babu."

Na ce masa, "Ɗaya sunansa Sale. Jawo kujera ka zauna."