Gambar Bakin Rafi

A Wagini na tashi, a hannun kakata Iya Dije. Da damina, in an gama cin tuwo, sai ta tara mu gindin murhu tana gasa mana masara tana tatsuniya. Ni take kira mijinta, kuma ba ta taɓa dukana ba sai rana ɗaya, da ta gan ni na tuge gamba a bakin rafi. Da muciya ta bi ni har zaure, ta fasa mini leɓe. Na yi fushi, na rantse ba zan zauna hirarta ba. Ƙamshin masara ya karya rantsuwar.

Ranar ba ta yi maganar Gizo ba. Ta ce wani mutum ne mai gona a bakin rafi. Tun kaka da kakanni an bar wa rafin jerin gamba da kargo, ba a sara, ba a ƙonawa, duk shekara a yi gayya a ƙara dasawa don saiwa ta riƙe gaɓa. Shi kuwa ya ce asarar ƙasa ce. Ya sa gatari, ya cinna wuta, ya shuka dawa har bakin ruwa, ya gina ɗaki a wurin.

"Shekara biyu rafi bai ce mashi komai ba," in ji ta. "A ta uku ya zo."

Ruwa ya taho ja wur yana ruri. Ya cinye gaɓa, ya fasa rumbu, ya maka mutumin da gindin kuka, wuyansa ya karye. Matarsa ta cafki reshe da hannu biyu, ruwa ya kwance mata goyo ya fizge jaririyar. Bayan kwana biyu aka tsince ta cikin ƙaya, bakinta cike da yashi.

Muka yi ta jiran ƙurunƙus, kalmar da take rufe kowace tatsuniya da ita, mu san wasa ne. Ba ta faɗa ba.

"Iya, ba ki rufe ba."

"Tashi ka kwanta, mijin banza."

Sai ranar da muka binne ta mahaifina ya gaya mini. Mai gatarin ubansa ne, matar Iya Dije ce, jaririyar ƙanwarsa ce, Hauwa. Shi ya tsira don an aike shi garin Zakka. Na yi kuka kamar ba babba ba, na tuna yadda na zage ta a zuci saboda muciya.

Yanzu ina koyarwa a Safana. Bara aka nuna mini fili mai araha a bakin wani rafi, tifofi na kwasar yashi a ƙasansa, an ƙone gambar tas. Na taɓa tabon leɓena, na hau babur na dawo. Abokai suka ce tsoro ya yi mini yawa. Haka ne, ina jin tsoro.

Ina ba 'ya'yana labarin nan duk damina. Hauwa, ƙaramarsu, takan ja mini riga ta ce, "Baba, ka rufe mana." Ni ma ba na rufewa.