Farantin Kawu a Ƙarƙashin Mota

Maigidana direba ne. A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake jigila da ita tsakanin Talata Mafara, inda muke zaune, da Bakura da Maradun. Ni ban san komai game da mota ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da ya hana ni sukuni a waccan kakar shi ne Babanmu. Ƙauyenmu na cikin waɗanda aka ce ruwa zai cinye, an nuna wa mutane sabon wuri a kan tudu wajen Maradun, kowa na kwasar komatsansa. Ruwa ya riga ya ci rabin gonar Baba, geron da ya samu a ragowar bai taka kara ya karya ba. Amma shi ne irin gidanmu tun kakanni, mai doguwar zangarniya, wanda mutane ke tasowa har daga Tsibiri su roƙi ɗan abin shuka. In geron nan ya isa tudu lafiya, Baba na da abin shukawa. In bai isa ba, ya tashi a tutar babu.

Maigida ya ce shi zai kwashe su. Sai ga shi ana gab da farawa ya dawo gida fuska a murtuke. Ashe akwai wani farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin inji, shi ke kare tukunyar baƙin mai daga dutse da kututture. Nasa ya daɗe yana ƙara, ranar nan ya hau wani kututture a hanyar Garbadu, abin ya tsage ya yi gefe.

Na ce, "To mene ne? Ba ga motar ta kawo ka gida ba?"

Ya ce haka ma wasu direbobi suka ce masa, wai da yawansu sun cire nasu sun yar, ba abin da ya same su. Amma makanikensa ya ce wannan maganar masu bin kwalta ce. Hanyar ƙauyenmu katafila ta tuge itatuwa ta bar kututture ko'ina, in ɗaya ya huda tukunyar man, inji ya mutu a daji. Sabon faranti sai an aika Kano, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. An leƙa Gusau ko za a samu a jikin wata matacciyar mota, wanda aka samu ba irin nasa ba ne. Ga ruwa kullum ƙara matsowa yake.

Baba ne ya ce a je wurin kawuna, ƙanen marigayiya mahaifiyata, wanda yake maƙeri a Bakura. Na bi maigida don in gaida Kawu. Kawu ya karɓe mu da murna, aka yi gaisuwa har na gaji da durƙuso, sannan ya ɗauki tsagaggen farantin ya jujjuya shi yana taɓe baki. Ya fasa wani tsohon duro, ya buge shi ya miƙe, ya yanka daidai. Wallahi aikin ya yi kyau. Sai dai ya naɗe bakinsa sama zagaye, kamar yadda yake yi wa kaskon tuya, kuma bai huda shi ko'ina ba in ban da wurin noti.

Na ga maigida yana ta kallon tsohon farantin, wanda ke da ramuka a ƙasa. Ya sunkuyar da kai, murya can ciki, ya ce, "Kawu, wanga kamar shina da 'yan huji."

Kawu ya ɗago. "Awo, don hakanan yat tsage. Ni tun da nike ƙira ban taɓa yin abin da ka yoyo ba. So kaka yi a ce a Bakura na ba surukina ƙarfe mai huji?"

Shi ke nan. Maigida ya ce, "Haka ne, Kawu, Allah shi ƙara girma." Ni kuwa na san mijina. A tasha bakinsa ba ya mutuwa, amma a gaban suruki ko ruwa ba ya iya sha. A hanya na ce masa, "Haba Malam, in ramukan nan na da amfani ka buɗe baki mana! Kawu ne, ba zaki ba." Ya ce in yi shiru, zai sa makanike ya huda daga baya. Bai samu yi ba, don washegari Kawu ya rufe maƙerarsa ya biyo mu taya kwasar kaya. Duk inda mota ta tsaya sai ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa farantinsa, ya kira mutane su zo su gani. Ta ina za a huda?

Muka yi ta kai da kawowa. Aka kwashe ƙyamare da azara da gadaje, aka kwashe tukwane da 'yar dawar da ke rumbu. Hanyar ba hanya ba ce, ta cikin gonakin da aka girbe ake ratsawa, kara da karmami na karce cikin motar. Sau da yawa muna jin kututture ya daki ƙasanta, ƙwam, Kawu ya yi dariya ya ce da ba don shi ba da yanzu muna ƙasa. Gaskiyarsa ce kuwa, ban hana shi ba. Abin da ba wanda ya gani shi ne tsohon injin yana ɗigar da mai, man na taruwa a cikin farantin ba wurin fita, busasshen karmami na shiga yana kwanciya a kai, dab da salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi.

Baba ya hana a taɓa geron sai a zuwan ƙarshe. Da hannunsa ya miƙa dammunan, aka jera, aka ɗaure da igiya. Ya tsaya ya kalli kangon gidan, ya hau baya ya zauna a kan geron shi da Kawu. Ni ina gaba kusa da maigida. Rana ta take, iska na kaɗawa.

Mun yi nisa a tsakiyar gonaki na ji ƙauri. Na ce, "Malam, wani abu na ƙuna." Ya ce manoma ne ke ƙona kara. Na ce, "Wane manomi? Kowa ya tashi!" Kafin ya ba ni amsa hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙafafuna. Ya taka birki, muka diro, na leƙa na ga farantin nan cike da wuta yana ci bal-bal. Innalillahi! Karan da muka tsaya a kai ya kama, iska ta tura wutar baya, ta lashi dammunan ƙasa.

Ga ruwan dam can muna hango shi yana ƙyalli, amma tsakaninmu da shi laka ce har gwiwa, kuma ko kwano ba mu da shi. Muka dinga watsa ƙasa da hannu. Maigida na ihu a ja da baya saboda tankin mai. Kawu ya yi ta saran igiya da wuƙa, ta ƙi tsinkewa da wuri don da kyau aka ɗaure ta. Baba kuwa ya rungumi dami mai ci da wuta yana ja. Na kama rigarsa ina kuka ina cewa, "Baba ka bari, don Allah ka bari!" Sai da maigida ya manta da kunyar, ya sungume shi ta ƙugu ya yi nesa da shi. Daga nan muka tsaya muna kallo, geron na fashewa yana ƙara har ya ƙare.

Motar ta ƙone, amma maigida ya samu tuƙi a wurin wani daga baya, ba ita ce ke ci mini rai ba. Kawu ya koma Bakura a ƙasa, ya ƙi a rako shi. Na yi fushi da shi, na yi fushi da mijina fiye da haka, na faɗa masa maganganun da mace ba ta faɗa wa miji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don 'yan ramuka ne kawai, ƙusa da guduma sun isa.

Na zauna wurin Baba a sabon gidan ina jinyar hannuwansa. Na bi mutanen ƙauyenmu da suka taɓa karɓar iri wurinsa, wasu sun watse ban san inda suka nufa ba, waɗanda na samu sun ce wahalar ƙaura ta sa sun daka nasu sun ci. Ranar da aka yi ruwan shuka, da safe na ga Baba ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki 'yar ƙwarya a tafin hannunsa da bai gama warkewa ba, ya fita zuwa gidan maƙwabcin da ba mu saba da shi ba. Ya kai bakin zaure ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya dawo ya miƙo mini ƙwaryar, bai kalle ni ba.

Ya ce, "Ɗiyata, tahi ki roƙo mini iri. Ni ban san yadda aka cewa ba."

Na yafa mayafina na karɓa na tafi.