Fil Ɗin Da Ya Ƙi Karyewa

A loko, wato babbar rumfar da ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Inci ake ce masa, domin ko shayi aka zuba masa sai ya ɗaga kofin ya duba kamar zai auna. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin bakanike a wurin, ma'auni a aljihun gaba, tsumma a na baya. Idan ya ɗaure noti, sai ya yi taku biyu ya dawo ya sake ɗora masa sifana ya ja, sannan hankalinsa ya kwanta. Abokan aiki sun yi masa dariya a kan wannan har suka gaji suka bari.

Amininsa a duk lokon shi ne direban kan jirgi mai lamba arba'in da bakwai, wani dogo mai yawan surutu da kowa ke kira Direba kawai, kamar babu wasu direbobin. Kwano ɗaya suke ci da rana a gindin tankin ruwa. Direba yakan ce shi in dai Inci ne ya taɓa masa inji, to ko ido rufe zai iya tuƙawa.

Ran nan arba'in da bakwai ta fita da taragu goma sha huɗu. A wata gangara mai kwana, doguwar sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin kan jirgin ta ƙwace daga fil ɗin da ke riƙe da ita, ta daki ƙasa, ta juyo ta fasa ɗakin direba ta ƙasa. Ba a rasa rai ba. Direba ne ya rasa ƙafarsa ta hagu daga gwiwa.

Aka kafa kwamiti, mutum biyar, babu wanda farcensa ya taɓa sanin baƙin mai a cikinsu. Suka ce notin fil ɗin ne ba a ɗaure da kyau ba, kuma Inci ne ya taɓa shi ƙarshe. Inci ya ce ba kwancewa ya yi ba, karyewa ya yi. Ya ce masana'antar da ta ƙera irin wannan injin ta huda ramin zuba mai kusa da wuyan fil ɗin fiye da kima, kuma nan ne ƙarfen ya gaji ya tsinke. Suka ce ya kawo karyayyen fil ɗin. Fil kuwa yana can cikin ciyawar rafi, an yi kwana uku ana nema ba a gani ba. Da aka je asibiti aka tambayi Direba, sai ya juya fuska bango ya ce, "Ni ban san komai ba. Na dai san Inci ne ya ɗaure."

Takardar korar layi huɗu ce. Kalmar da ta tsaya masa a wuya ita ce sakaci. Mutumin da ke ɗaure noti sau biyu, shi aka rubuta wa sakaci, aka buga hatimi a ƙasa.

Ya buɗe ɗan shago a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa, yana gyaran keken ɗinki da risho da kwaɗon ƙofa. Aiki ne da zai iya yi yana gyangyaɗi, kuma ya riƙe gidan da shi. Amma mutumin ya bushe. Idan tsofaffin abokan aiki suka tsaya gaisawa, kafin su zauna ya ɗauko fensir yana zana musu fil da ramin mai a bayan kwali. Tun suna gyaɗa kai don kunya har suka koma bin ɗaya layin. Direba kuwa, da aka sallame shi daga asibiti, ya koma zama a shagon ɗansa can ƙetaren kasuwa, da sandunansa biyu jingine a bango. Ko a jana'iza suka haɗu, kowa gefensa yake bi.

Shekara takwas bayan haka aka daina aiki da injinan tururi, aka rufe loko, aka yanka arba'in da bakwai aka sayar wa masu narka ƙarfe. Mai kula da sito, wanda aka umarta ya ƙone tsofaffin takardu, ya tuna da Inci, ya kawo masa zanen injin a naɗe, shafi talatin da ɗaya, ɓera ya ci gefen wasu. Ya kawo ne don tsoho ya samu abin tunawa. Inci ya shimfiɗa shafi na goma sha tara a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan ramin man, ya daɗe bai ɗaga ba.

A nan ya yanke abin da ya ci masa sauran ƙarfinsa. Zai ƙera arba'in da bakwai da hannunsa, ƙarama, kowane inci goma sha biyu ya koma inci ɗaya, ba ragi ba ƙari, har da ramin man a daidai inda masana'anta ta huda shi. Zai hura mata wuta, ya ɗora ta a gangara mai kwana da kaya a bayanta, fil ɗin ya karye a gaban idon Direba. Ba kwamiti yake nema ba, rabinsu ma sun mutu. Magana ɗaya yake so daga bakin mutum ɗaya: ba laifinka ba ne.

Babu kantin da ake sayar da kayan irin wannan aiki, don haka komai sai da ya ƙirƙira. Tukunyar tururin daga wani guntun bututun jan ƙarfe ya fitar da ita. Tayoyin ya yanko su daga tsohon gatarin mota, ya gyara su a wani ɗan injin juyi da ya haɗa da ƙafar keken ɗinki, yana takawa yana sassaƙa. Waya ta lema, sifirin na agogon bango, kan famfon tagulla, duk sun shiga. Ƙusoshin jikin tukunyar ɗari shida da wani abu ne, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ya buga su. Idan abu ya kauce da kaurin gashi, sai ya jefa shi a gwangwani ya sake wani. Gwangwanin nan ya cika an zubar ya fi sau goma.

Matarsa ta nemi murfin butarta ta tagulla wata safiya ta rasa. Ta leƙa shago ta gan shi an yanka an mai da shi hular bututun hayaƙi.

"Malam, saura ni," in ji ta. "Ran da ka rasa ƙarfe ka faɗa mini in tsaya ka yanka."

"Ke ba ki kai kaurin da nake nema ba," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ta yi dariya a ranar. Daga baya ta daina, domin ta ga ranakun hutu suna wucewa, 'ya'ya suna girma suna barin gida, shi kuwa bayansa kawai suke gani ta ƙofar shago. Babban ɗansu ya taɓa cewa da shi ma an yi shi da tagulla da ya san fuskar ubansa. Maganar ta kai kunnen Inci, ta yi masa zafi, amma bai ajiye magagari ba.

Shekara goma sha ɗaya aikin ya ci. Idonsa ya yi rauni har sai da ya haɗa tabarau biyu. Da ya gama, ya shimfiɗa layin dogo a tsakar gida, zagaye guda, ya tayar da gefe ɗaya da bulo ya yi gangarar, ya lanƙwasa kwanar daidai da ta wancan wuri, ya cika taragu goma sha huɗu da dalma. Ya gwada injin a kan tebur, tayoyi a sama, ya ga komai na juyawa. Amma ya ƙi ɗora shi a gangarar. Ya ce idan fil ɗin ya karye babu shaida, za a ce shi ya karya.

Autarsa, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare, ita kaɗai ce take zama ta saurare shi. Ta durƙusa ta dubi fil ɗin, ɗan abu kamar tsinken ashana.

"Baba, ina jin tsoron abu ɗaya," ta ce. "Ƙaramin abu ba ya karyewa yadda babba yake karyewa. Ƙadangare yana faɗowa daga katanga ya yi tafiyarsa. Saniya ta faɗo daga nan ka ga abin da zai faru."

"Awo ɗaya ne, Auta. Na rage komai daidai."

"Ka rage girman, amma ba ka rage ƙarfin ƙarfen ba. Kuma wancan ya yi shekaru yana aiki kafin ya gaji." Ta rage murya. "Ka ba shi magagari sau biyu a wuyan. Wa zai sani? Gaskiyar ai taka ce, taimaka mata kawai za ka yi."

Ya cire tabarau ɗaya ya dube ta. "In na yi haka, na zama abin da suka rubuta. Je ki kira mini kawunki Direba."

Sai da ta je sau uku kafin Direba ya yarda. Ya zo wata Asabar da yamma a motar haya, ya tsufa, surutun ya tafi, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke da fil ɗin tufafi. Matar gidan ta kawo masa kujera da ruwa. Mazan biyu suka gaisa gajeriyar gaisuwa, kowa yana kallon ƙasa.

Inci ya zuba ruwa a tukunyar, ya jera gutsattsarin gawayi da hantsaki, ya hura. Bayan ɗan lokaci ƙaramar allurar ma'aunin tururi ta fara hawa. Ya ja wata 'yar waya, injin ya yi kuka, siririyar murya amma tata ce sak. Direba ya miƙe zaune. Ya sunkuyo yana duban lambar da ke gefe, da lotsawar da ke jikin tankin, wadda shi da kansa ya yi ta wata rana da ya gogi ƙofar loko.

"Har wannan ka sa?" ya ce.

"Tana jikinta, ai dole in sa. Ka zuba ido a kan sandar hagu idan ta shiga kwana."

Jirgin ya tashi. Ya ja taragunsa ya hau tudun yana huci, ya gangaro, ya shiga kwanar, ya fita. Inci yana tsugune, hannu a gwiwa, yana jira. Zagaye na biyu, na biyar, na goma. Maƙwabta suka ji kukan suka leƙo ta kan katanga suna murna, ba su san abin da ake jira ba. Inci ya ƙara gawayi, ya buɗe tururin har ƙarshe. Ya ɗauko guduma da sifanu ya ɗora a kan taragun. Ya ƙara bulo a ƙarƙashin tudun. Jirgin ya riƙa shiga kwanar yana fita kamar an haife shi a kanta, sandar tana sama tana ƙasa, ko ƙara ba ta yi.

Auta ta daina ƙirga a zagaye na sittin. Ta dubi ubanta ta ga gumi ya jiƙa masa riga, leɓɓansa suna motsi, yana roƙon abin da ya ƙera da hannunsa ya lalace. Ta tashi ta shige ɗaki don ba za ta iya kallo ba.

Ruwan tukunyar ya ƙare. Jirgin ya rage gudu, ya zo ya tsaya daidai gaban kujerar Direba, yana ɗan tsiyayar da tururi.

Direba ya jingina da sandarsa ya sunkuya da ƙyar. Ya sa tsumma ya kama ɗan notin da ke kan fil ɗin, ya gwada murɗawa. Ko motsi bai yi ba. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗago. Babu fushi a fuskarsa, kuma da akwai da ya fi sauƙi.

"Ka gani ko, Inci? Idan aka ɗaure da kyau ba ya fita. Da ka ɗaure wancan yadda ka ɗaure wannan, da yau da ƙafata na shigo gidan nan." Ya share ido da bayan hannu. "Amma na ga abin da ka yi. Mutum ba ya kashe shekara goma sha ɗaya a kan abu sai yana cin zuciyarsa. Ya isa haka. Na yafe maka, duniya da lahira."

Inci ya buɗe baki. Shafi na goma sha tara yana nan a naɗe a aljihunsa, da ramin man da ya zagaye da jan biro. Ya dubi maƙwabtan da ke kan katanga suna gyaɗa kai, suna cewa madalla, ga zumunci ya dawo. Ya dubi matarsa, wadda ta haɗa hannu a ƙirji tana roƙonsa da ido ya karɓa a huta.

"Na gode," ya ce.

Shi ya riƙe wa Direba sanduna har bakin mota.

Da gidan ya watse, ya jira ƙarfen ya huce, ya kwance notin, ya zaro fil ɗin ya kai shi hasken ƙofa, ya haɗa tabaransa biyu. Ko ƙwarzane babu. A duk shekarun da ya yi yana aikin ƙarfe bai taɓa yin fil mai kyan wannan ba. Matarsa ta leƙo ta tambaya ko a kwashe layin dogon, tana son ta yi shanya. Ya ce a kwashe.

Ya mayar da fil ɗin mazauninsa ya ɗaure notin. Ya yi taku biyu zai fita, sai ya dawo ya sake ɗora masa sifana ya ja.