Malam Almustafa da rijiyar Affala

Ko yanzu da ya aje aiki, in ka bi ta layinmu a Tawa da hantsi za ka iske Malam Almustafa a gindin dogon yaro, da kofin shayi, da tsohon ƙamus ɗin nan nasa da ya ɗaure da roba don kada ya warwatse. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da Ingilishi, in baƙi sun zo kuma shi ne tafinta. Bai taɓa amsar ko ƙwayar goro ba don ya karanta wa mutum takarda.

Yana da wani hali da kan ƙure mai gaggawa. In ka kai masa magana mai wuya, ba ya fassarawa nan take. Sai ya ce, "Bari in nemo ta cikin gari tukuna."

Haka ya yi wa jikata Lailatu, mai karatu a jami'a. Ta kai masa wasu kalmomi uku da suka tsaya mata a darasin yadda mutum ke yanke shawara. Ni bakina bai iya su ba, ita ta rubuta mini: sunk cost fallacy. Ya duba, ya ce ta dawo ran Alhamis. Ta shigo gida tana gunaguni, wai tsohon ya manta Turancinsa.

To, a lokacin ni abin da ke cina daban. Ɗana Hashimu, kawun Lailatu, ya yi wata bakwai yana haƙar rijiya a gonarsa ta ƙauyen Affala. Gaba ashirin, ko laima babu. Gefen ramin ya fara zuba, sau ɗaya ma ƙasa ta rufe shi har ƙirji, da ƙyar aka jawo shi. Na yi roƙo, na yi kuka. Amsarsa guda ce: "Inna, duk wahalar nan in bar ta a banza?" Na kai wa Malam kukana ban da wata manufa, don dai in rage zafi.

Ran Alhamis sai ya ce Lailatu ta ɗauko littafinta, ni ma in sa mayafi, mu shiga mota zuwa Affala. Muka iske Hashimu ya ɗaura igiya a ƙugu zai sauka. Malam ya zauna bakin ramin, suka gaisa har da tambayar awaki.

"Hashimu, da yau ka zo ka tarar wani ne ya haƙa wannan rami, za ka shiga?"

Hashimu ya leƙa ciki, ya yi 'yar dariya. "Baba Malam, ai ban haukace ba."

"To mi za ka ɗauko a ƙasa? Wata bakwai ɗinka ba su can. Sun tafi, ko ka sauka ko ka zauna."

Malam ya juya wajen Lailatu ya ce, "Ɗiyata, ga kalmominki. Mutum ya ƙi barin abu don ganin abin da ya riga ya zuba ciki, ba don abin da ke gaba ba. Rubuta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Hashimu ya ji haushi. Ya kwance igiyar, amma wata guda bai gaida Malam ba. Malam kuwa bai taɓa tada zancen ba.

Kai ne, Malam, ka ƙi ba yarinya fassarar takarda har sai da ta ga maganar da idonta. Kai ne ka bi hanya duk da ciwon gwiwarka saboda ɗan wata. Allah ya saka maka, ya ƙara maka lafiya. Ku kuma masu boko, in an kawo muku magana mai wuya, ku yi irin nasa, ku nemo ta cikin mutane.

Har yau ba wanda ya san ko akwai ruwa a ƙasan ramin nan. Ni dai ɗana ya zo jiya ya ci tuwo a gabana, har ya ce miyar ta yi gishiri.