Ɗanyen Katakon Da Ya Ci Min Shago

Lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce sabuwa, ko sunana ban iya rubutawa ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Amma aikin kafinta na iya shi. Na daɗe ina tsaye a shagon maigidana a Kuje, ina goga samfefa, ina shafa gam, ina matse haɗi. Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar min shagon da yara da wani aiki da bai fara ba: kujerun cin abinci na wata Hajiya, ma'aikaciyar gwamnati a cikin gari.

Ina cikin takaba, ba halin zuwa kasuwar katako, sai yayan mijina ya ce zai sayo min. Dama tun ranar sadakar uku yake cewa mace ba ta riƙe shago, a ba da haya kawai. Damina ce. Da aka sauke katakon a tsakar gida na ɗaga ɗaya, na ji nauyi da sanyi a hannu. Raina ya ba ni ɗanye ne. Amma surukuta, kunya ta rufe min baki, na ce Allah ya saka.

Na haɗa kujeru tsaf, aka kai. Ba a jima ba direban Hajiya ya dawo da su suna rawa, ya ce oga madam ta ce ko a kasuwar Karmo ba a irin wannan aiki. Yaya ya tara 'yan'uwa ya ce gam ba ya kama wa hannun mace, in suka sake dawowa shago ya tashi daga hannuna. Tsoro ya sa na yi wauta ta biyu: na ɗura sabon gam a kan tsohon ban kankare ba, na matse, na mayar. Gam kuwa ba ya kama gam, katako yake nema. Baƙon Hajiya ya zauna, ƙafar kujerar ta zare, dattijo ya zube a gaban mutane.

Bayan an sake dawo da kujerun an karɓe mukullin shago ne na zauna na buɗe haɗin ɗaya bayan ɗaya. Gam bai lalace ba, ga shi ya bushe yana ƙyalli kamar gilashi. Harshen katakon ne ya tsuke yana yawo a raminsa. Falon Hajiya na'urar sanyi ba ta hutawa, ta tsotse ruwan katakon ƙaf, ya motse. Na ɗauki ƙafar na kai wa Yaya har gida. Ya juya ta a hannu ya ce, "To ke da kika iya, me ya hana ki faɗa tun ranar?"

Wallahi maganar ta fi rashin shagon ciwo. Yau mai gyaran waya ne a wurin, ni ina yi wa wani aiki a Nyanya.

'Yan'uwana masu sana'a, in haɗi ya saki kada ku yi saurin zagin gam. Ku buɗe ku duba, ku kankare tsohon har katako ya bayyana, ku tabbata ya bushe kafin ku yanka. Wadda kuma hannunta ya gaya mata gaskiya, ta faɗa ko a gaban wa take. Wanda kika ji kunyarsa ba zai ciyar miki da yara ba.