Ruwan Inna Kaltume

A kasuwar Dogon Dutsi, in ka tambayi Jalaluddeen mai gyaran fanfon sola, ba kowa zai gane ba. Ka ce Mai Bido, nan take za a nuna maka kantin Alhaji Dalhatu. Shi kansa ba ya son sunan, amma yana amsawa.

Ɗan wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a cikin gari ya tashi. Ya yi karatun lantarki a makarantar koyon sana'a, ya fito da sakamako mai kyau. Alhaji Dalhatu, wanda ke sayar da kayan sola yana kuma kula da fanfunan ƙauyuka, ya ɗauke shi gwaji. Sharaɗin ɗaya ne: in mutanen ƙauye sun yaba, aiki ya zauna.

Fitarsa ta farko wani ƙauye ce kusa da Lugu, inda fanfo ya tsaya, mata suka koma rijiya. Ya isa a kan moto, wato babur, ya tarar dattawa sun shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya ɗaga musu hannu daga nesa, ya wuce wajen fanfo. Wata tsohuwa, Inna Kaltume, ta biyo shi da ruwan rijiya a ƙwarya.

"Sannu da hanya, ɗana. Jiƙa maƙoshi."

Ya dubi ruwan, ya dubi layun da ke wuyanta, ya tuna abin da ake faɗa a gari kan mutanen yankin da iskokinsu.

"Na gode, ina da nawa," ya ce, ya nuna bido, jarkar ruwan da ke ɗaure a moto.

Gyaran ya yi kyau. Kafin azahar ruwa na zuba.

Ran kasuwa ɗan maigari ya zo kanti, ya ce fanfo lafiya lau, amma kada a sake turo musu yaron nan da ya ƙi ruwan Inna Kaltume. Alhaji ya kira Jalaluddeen gaban mutane.

"Kai, mi ta yi maka? Matar nan ƙanwar uwata ce. Ruwanta na sha na girma. Dube ni, na yi ƙaho?"

Aka yi dariya. Jalaluddeen ya rasa inda zai sa idonsa. A makaranta an koya masa auna wuta da haɗa waya, ba wanda ya taɓa ce masa tabarma ma cikin aiki take.

"In ba su suka nemi ka koma ba, ba ni da aikin ba ka," in ji Alhaji.

Ya koma ƙauyen ba kayan gyara, ba bido. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gero da bisashe. Suka amsa a taƙaice, suka bar shi zaune har inuwa ta juya. Can Inna Kaltume ta fito da ƙwaryar. Ya karɓa hannu biyu, ya shanye tas.

"Ashe kana jin ƙishirwa, Mai Bido," ta ce.

Da fanfon ya sake tsayawa cikin damina, shi suka aiko a turo. Har yau yana wajen Alhaji, fanfunan Ɗan Kassari ma shi ke zuwa. In aka tayar da zancen sunan, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da murɗa waya.